Inno Tambaya da Makankaran Gulbin Bungudu

Inno Tambaya, kakar mahaifiyarmu, ba ta da gona, ba ta da ko akuya. Abin da take ji da shi wani gurbi ne a gulbin Bungudu, inda ruwa ke kwanciya da rani, da makankaran da ke binne cikin lakarsa. Sauran mata ɓawon makankari kawai suka sani, wanda ake kankare ƙanzon tukunya da shi. Ita kuwa ta san shi da ransa.

Takan tsuguna ta nuna yadda yake ci. Ya buɗe baki kamar kaurin tsinke, ya zuƙi ruwa mai dauɗa, ya riƙe gansakukar da ke ciki, ya furzo ruwan garau. Shi ya sa unguwarsu ba ta shan koren ruwa ko da bazara. Ba ta taɓa ɗaukar mai rai ba.

Shekara biyu bayan babbar yunwa, Yari masunci, ɗan wanta, ya gaji da jefa koma. Ya daka magimfa, ganyen nan mai bugar da kifi, ya watsa a gurbin. Kifi ya taso fari fat. Da hantsi Inno ta iso, ta tarar makankaran sun datse baki.

"Yari, mi ka zuba?"

"Inna, kifi nika nema. Waɗanga ai duwatsu ne."

"Dutse na da baki? Ruwan ga shi na tuwonsu, kai ka zuba mai dahi. Kifi ya iya gudu, su ina za su? Ubanka bai yi wanga lalaci ba."

Ya yi dariya, ya miƙa mata tarwaɗa. Ta maka masa ita a ƙirji.

Ta shiga laka har gwiwa tana lalube. Goma sha ɗaya ta tsira da su, ta kai can sama da gulbi. Sauran, cikin kwana uku suka hangame, matattu. Kafin damina gurbin ya koma kore, yana ɗoyi, mata na tafiyar rabin yini neman ruwa, har da Luba matar Yari.

Rani bakwai Inno tana dawo da 'ya'yan makankaran da ta tsira da su cikin ƙwarya, kaɗan-kaɗan, kafin ruwan ya sake washewa. Yari ya sha daga gurbin kamar kowa, ba ta hana shi ba. Amma kifinsa bai ƙara shiga tukunyarta ba har ta rasu.