Fentin Da Na Kasa Kankarewa A Gaban Abokin Babana

Wallahi da aka buga moton nan sau ɗaya ta tashi, ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka! Ku yi haƙuri, na faro muku daga tsakiya, haka nake in zancen moto, wato babur, ya zo. A lokacin ni saurayi ne mai gyaran salula a bakin kasuwar Tasawa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, bidiyo nake kallo ina kwance kayan mutane ina ɗaurawa har hannuna ya faɗa. Haka ma na koyi moto, alhali ko taya ban mallaka ba. Abin da ke cin raina shi ne duk Lahadi, in damina ta ja baya, 'yan fadarmu, wato majalisarmu ta shayi, sukan hau motocinsu su nufi wani tabki ta hanyar Urafan, a dafa shayi, a gasa tumu, a yi wanka. Ni kullum goyo ne, ran da ba wuri kuma a bar ni ina gadin tabarma.

Ɗan abin da na tara bai kai ko rabin sabuwa ba, don haka tsohuwa nake nema. Kuma na san abin dubawa, har wa'azinsa nake yi a fada: a dubi hayaƙi, a ja sarƙa, a saurari inji da sanyinsa. Babba a cikinsu shi ne shasi, ƙarfen da ke riƙe da moto gaba ɗaya. A nan wajenmu akwai motocin da suka yi shekaru suna jigilar bidon esansi, wato jarkokin fetur, daga bakin iyaka, nauyi ya tsaga musu ƙarfe a ƙarƙashin kujera, a yi walda a shafe da fenti a kai kasuwa. Ni da bakina nake cewa duk wanda ya ga sabon fenti a jikin tsohuwar moto, ya sa makulli ya kankare kafin ya ce albarka.

Sai ga shi wani dattijo, aminin mahaifina, wanda tun ina rarrafe nake ce wa Baba, ya aiko a kira ni. Ya ce ya karɓi wata moto a hannun wani baƙo, ya ji ina nema, kuma ba zai ci riba da ɗansa ba. Na tarar da shi a zaure da dattawan unguwa, mahaifina na gefensa. Inji lafiya lau, farashi daidai aljihuna. Ina zagaya ta sai idona ya faɗa ƙarƙashin kujera: baƙin fenti sabo fil, ya yi tudu kamar ƙurji. Makullin shagona na hannuna. Amma yaya zan durƙusa gaban mahaifina in kankare kayan amininsa, kamar na kira shi macuci? Baba da kansa ya ce in duba da kyau, ni kuwa na sunkuyar da kai na ce haba, kayan Baba ai ba sa son dubawa. Dattawa suka ce yaron nan akwai tarbiyya. Na mayar da makulli aljihu, aka yi albarka.

Lahadin farko na ɗauki taubashina, ɗan gwaggona. Shi kaɗai ne namiji a gidan tun rasuwar mahaifinsa, shi ke noma, ga geronsu ya nuna yana jiran yanka. Mun makara don sai da ya shayar da dabbobi, 'yan fada sun riga sun wuce, sai muka yanke ta wata 'yar hanyar gonaki. Tun daga ƙofar gida yake tsokanata irin ta taubasai, wai ni ubangijinsa na sayi akuya mai tari, wai ko jakin gwaggo zai riga mu isa, in sauka shi ya goya ni. Na ce bawa ba ya koya wa mai shi tuƙi, na murɗa. Muka faɗa wani kwari da ruwa ya zaizaye, na ji ƙas a ƙarƙashina. Moton ta rabe biyu. Ni na faɗa cikin rairayi, shi kuwa bayan moton ya danne masa ƙafa.

Da na ɗaga ƙarfen na ga ƙwaurinsa ya lanƙwashe inda ba gaɓa, ƙashi ya huda fata, jini na bin rairayi. Na zaro salula in kira taimako, ba rezo, wato sabis. Ni mai gyaran salula, na hau tudu ina ɗaga ta sama kamar mahaukaci, ko ɗigo. Rana ta take tsaka, gero ya fi tsayina ta kowane gefe, ko wani na wucewa nesa kaɗan ba zai gan mu ba. Na yi ihu har muryata ta dushe. Na yaga rigata na ɗaure, na karyo kara na tallabe ƙafar, rigar ta jiƙe nan take. Na gwada saɓa shi a kafaɗa, ya yi wata ƙara da har yau nake ji, na sauke. Ruwan shayinmu ya zube sai ɗan kaɗan a gindin gora, na ɗiɗɗiga masa. Mutumin da bai taɓa yi mini magana ba sai da tsokana, ya kira ni da sunana na yanka, ya ce in ya cika in taimaki innarsa da geron nan kada tsuntsaye su gama da shi. Leɓɓansa sun yi fari. In na zauna jini zai ƙare, in na tafi ina tsoron in dawo in tarar da gawa. Na ja shi inuwar wata ƙirya, na yanka cikin gero a guje ba takalmi, ban san ma ina na nufa ba, ina kuka ina kiran Allah. Kukan shanu na bi har na faɗa wata ruga. Maigidan bai tsaya tambaya ba, ya ɗaura amalanke muka koma. Mun same shi a some, amma da rai.

Daga likitar Tasawa, wato asibiti, aka wuce da shi Maraɗi. An ceci ƙafar, sai dai ta gajarce, yau da ɗingishi yake zuwa gona, ƙwallon da yake so kuwa sai kallo. Gwaggo ba ta ce mini komai ba sai ƙaddara, da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na rufe shago na yanke musu geron. Baba mai moton ya zo har gida ya tsaya kan gutsattsarin moton, ya shafa tsohuwar waldar da yatsa, ya tambaye ni ko ban gan ta ba ranar ciniki. Na ce na gani, kunyarsa na ji. Dattijon nan ya zauna a ƙasa. Ya ce idonsa ya daɗe da raunana, bai san da tsagar ba, da ya ce in duba da gaske yake, idona ya dogara da shi don an ce masa na san moto.

Har gobe ina son moto, kuma ban ce kada mai ƙaramin ƙarfi ya sayi tsohuwa ba. Amma 'yan'uwana matasa, ko a hannun mahaifinku za ku saya, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku durƙusa ku kankare. Wanda za ku goya bai ga fentin ba, ku ya yarda da ku. Ni kunyar da na ji a zaure, wani ne ke jan ƙafa saboda ita. Ko a cikinku akwai wanda nauyin babba ya rufe wa baki a wurin ciniki? Yaya kuka yi? Don Allah ku rubuto, ina son in ji.