Hannun da bai kai baki ba

Daga saman motar goro na faɗo, a ƙarshen shekarar sittin da tara. Ina jan igiyar huhu sai ta tsinke, na sauka a kan gwiwar hannun dama. Maɗorin unguwarmu ya shafa wurin ya ce wannan ba tasa ba ce, ƙashin ya farfashe. Abokan aikina suka kai ni asibiti, likita ya tsaga, ya haɗa gutsattsarin da ƙusa da waya, aka naɗe ni da filasta tun daga kafaɗa.

Abokan nan gidan haya ɗaya muke da su a unguwar Aboabo cikin Kumasi, akushi ɗaya muke ci. Babbanmu wani Bazabarme ne mai bakin tsiya. Da ya zo dubiya ya ce in yi sauri in warke, don tun da na kwanta tuwo ke isarsu.

Ina kwance gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar. Ni a Kumasi aka haife ni, su kuwa ba haka ba. Da aka sallame ni na tarar da ɗakunansu a buɗe, ko tabarma babu. Matar mai gidan ta ce sun ce a gaishe ni.

Da aka cire filasta sai hannun ya tsaya kamar muciya. Wata ma'aikaciyar jinya, Ba'asantiya, ta kama shi ta danna har na ga taurari.

"Malam, ka lanƙwasa shi kullum, kakra kakra, kaɗan-kaɗan," in ji ta da Hausarta ta Zongo. "In ka bar shi, shi zai bushe haka."

Ba ɗaukar kaya ne ya dame ni ba. Hannun ba ya kai bakina. Namiji kuwa ba ya tsoma hagu a akushin jama'a, kuma ni ba zan zauna a ba ni a baki ba. Sai na riƙa sayen waake, shinkafa da wake ke nan, in rufe ƙofa in ci da hagu kamar ɓarawo. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a watannin nan. Kowace safiya in gasa gwiwar da ruwan zafi, in dafa bango in danna, ina zagin igiya da wanda ya tufka ta. Babu mai riƙe mini kafaɗa.

Bayan Sallar Layya likita ya duba ya ce ƙashi ya haɗu sarai, amma lanƙwasar iyakarta ke nan. Saura kamar faɗin tafi tsakanin yatsuna da baki. Na gane cewa in na sunkuyar da kai na miƙa wuya, sai su haɗu.

A wani suna a unguwar Tafo na fara gwadawa cikin mutane. Na zauna da waɗanda ban sani ba, na yanki tuwo da dama, na kai kaina wurin loma kamar kaza a bakin kasko. Miya ta zubo mini a riga. Na dakata ina jiran wani ya yi mini tsiya, har na shirya amsar da zan ba shi. Kowa ya ci gaba da cin tuwonsa, ba wanda ya ko ɗaga kai.