Kullum da Yamma

Faransancin da na sani a lokacin bai fi cikin cokali ba. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana na zango ɗaya a sakandaren ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta, sannan ya tattara ya tafi. Abin da ya bar mana kalmomin lokaci ne: jiya, a da, sau da yawa, kullum da safe, kullum da yamma. Sai kuma yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi a baya, wanda muke rerawa ba mu san ma'anar rabinsa ba. Amma a gida wai ni ce mai Faransanci. Tabɗi!

Yayanmu, ɗan farin Inna, ya tafi Abijan tun ina goye. Can ya yi aure, can ya rasu. Bayan rasuwar, wani abokin fataucinsa ya kawo mana 'yarsa mu gan ta. Ya ajiye ta da hantsi, ya ce zai shiga kasuwa ya dawo ya ɗauke ta. Yarinyar ko "zo" ba ta ji da Hausa, sai Faransanci.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda kunyar ɗan fari. Ko ranar da labarin rasuwarsa ya zo, ɗaki ta shige, ba wanda ya ga hawayenta. Ranar da aka kawo yarinyar, sai da matan gida suka watse, muka rage mu uku, ni da Inna da ita, muna ɓarar gyaɗa, Inna ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ke, tambaye ta. Wancan, yana tuna gida kuwa?"

Na haɗa abin da na iya, na ce, "Papa, avant?" Wato baba, a da.

Yarinyar ta washe baki, ta ɓalle da magana kamar an buɗe famfo. Na gane labarin abin da ya saba yi take bayarwa, iyakar abin da na gane ke nan. Can na tsinci "tous les soirs". Ta dafa ƙirjinta, ta kalli Inna.

Na ce, "Inna, ta ce kullum da yamma."

"Kullum da yamma me?"

Na roƙi yarinyar ta maimaita. Ta maimaita a hankali, ta sake da ƙarfi, har idonta ya kawo ruwa. Ko kalma ɗaya ban ƙara kamawa ba. Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu. Haushin malamin nan ya kama ni: ka koya wa mutum "yaushe", ka tsere ba ka koya masa "me" ba!

Bayan la'asar mutumin ya yi sallama a zaure, yana sauri kada mota ta bar su. Na miƙe na ce bari in sa shi ya fassara. Inna ta damƙe hannuna.

"Kul! A ji ina cigiyar ɗan fari a bakin ƙofa?"

"Inna, ni zan tambaya."

"Za a san ni na aike ki. Zauna."

Na zauna. Muna ji aka tafi da yarinyar.

Daga baya na karanta Faransanci sosai a kwaleji, amma kalmar da ta faɗa ta riga ta ɓace mini. Yarinyar kuma ba ta sake zuwa ba.

Har yanzu, wani lokacin idan Inna ta gama zuba wa awaki harawa, rana na shirin faɗuwa, sai ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Kullum da yamma ta ce, ko?"

"E, Inna."

"To."