Hoton da Bai Shiga Gida Ba

Ina cikin fangalin albasa, ruwa ya kai mini idon sawu, labarin ya zo. Ranar ce ruwa ke zagayowa layinmu. Na jera tiyo a bakin ƙaramin kanal ina janyo ruwa zuwa gona, sai na hango maƙwabcinmu a kan gaɓa yana tura kekensa maimakon ya hau. Tare suka tafi da Yaya rakiyar tumatir zuwa kudu, shi ya sa tun daga nesa jikina ya ba ni. Da ya iso ya jingine keken, ya ce in fito daga ruwa. Na fito. Ya ce motar ta faɗi bayan sun haye kogin Kwara. Shi Allah ya yi yana da sauran kwana, Yaya kuwa nasa sun ƙare. Hausawan da ke zango a garin da abin ya faru su suka yi masa wanka da sutura, suka binne shi a ranar.

Na tuna sai da na koma na cire tiyon ɗaya bayan ɗaya, don kada ruwa ya malale wa mai alkama na kusa da mu, sannan muka kama hanyar gida.

A tsakiyar shekarun tamanin ke nan, lokacin da tumatirin Kura da Bunkure ke cika manyan motoci duk rani. Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ke bi masa. Ya bar mata da jaririya da ko zama ba ta fara ba.

Baba yana zaure da ɗalibansa muka same shi. Ya yi salati, ya tambaya ko an samu jama'a wajen sallar gawa. Aka ce an samu. Ya ce alhamdulillahi, ya shiga ciki ya gaya wa Inna da kansa. Ba mu ji kukanta ba a ranar, ba mu kuma ji ba a duk kwanakin zaman makoki. Mata na shigowa gaisuwa suna hawaye, ita ce ke ba su haƙuri.

Ba rashin so ba ne, kowa ya sani. Inna mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba. In za ta aika masa tuwo sai ta ce a kai wa wancan. In ya shigo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya wajen murhu ta amsa a taƙaice. Kakarmu ce ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Shi ma Baba haka, sai dai nasa da sauƙi, tun da gona na haɗa su.

Bayan sadakar arba'in, wata ranar da hantsi, na shiga na tarar da ita tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan tabon na goshin yayanku, dama yake ko hagu?"

Na ce hagu. Ta ce ita a dama take ganinsa. Ta ci gaba da tsincewa, can ta ce, "Ni fa ban taɓa tsayawa na dube shi sosai ba. Ƙeyarsa na sani, da tafiyarsa."

Na fita. A hanya ni ma na fara shakkar hagun da na faɗa.

Gidanmu ba a ajiye hoto. Baba ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake, kuma ba ya jayayya a kan haka da kowa, bai kuma taɓa hana maƙwabci rataye nasa ba. Abu ɗaya ne a bangon ɗakin Inna, hoton Ka'aba da wani ƙanenta ya kawo mata tsaraba. Ta taɓa tsokanar Baba cewa ai ga mutane nan fal a ciki suna ɗawafi. Ya ce ta nuna masa fuskar mutum ɗaya, in ta samu sai ya sauke. Ba ta samu ba, hoton ya zauna.

Wata ranar kasuwa na je Kura sayen irin kuɓewa. Akwai wani mai ɗaukar hoto kusa da tasha, Bayarabe da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. A ƙofar shagonsa yana da allon gilas da yake jera hotunan da ba a zo karɓa ba, don masu wucewa su ga aikinsa. Na sha wucewa ta wurin ban duba ba. Ranar na tsaya gyara sarƙar keke, na ɗago kai, sai ga Yaya yana kallona.

Yana tsaye gaban wani labule da aka zana jirgin sama, ya dafa kujera, ya turo hannun riga baya don agogo ya fito. Agogon ba nasa ba ne, na shagon ne, duk wanda ke cikin allon nan shi ya ɗaura. Rana ta fara cin gefe ɗaya na hoton, farar rigar ta soma komawa ruwan ƙasa.

Mai shagon ya ce kafin tafiya Yaya ya zo ya ɗauka, ya ce in ya dawo zai karɓa. Bai ji rasuwar ba sai a bakina. Ya dafe kai, ya yi mini ta'aziyya, ya buɗe gilas ɗin ya ciro shi. Na tambaya ko za a iya wanko wani. Ya ce fim ɗin ya lalace tare da wasu, wannan kaɗai ya rage.

Na sa shi a aljihun gaba, amma da na iso ƙofar gida ƙafata ta ƙi shiga. Na wuce gona, na cusa shi a cikin jinkar rumfar da muke ajiye tiyo da fartanya. Da yamma na gaya wa Inna a hankali, na ce zan shigo da shi a cikin buhun albasa, ta gani, in mayar, ba wanda zai sani.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Ba zan ga ɗana a ɓoye ba kamar kayan sata. Bari in yi wa Malam magana."

Wannan ne karo na farko da na ji ta ce ɗana.

Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Washegari bayan azahar Baba ya ɗauki sandarsa ya ce in raka shi gona. Muka bi gaɓar kanal, yana gaba ina baya, yana amsa gaisuwar masu tsinkar tumatir. A rumfa ya zauna a kan wani kwando da aka kife, ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi, ya sake nesantawa. Ina jiran ya yi faɗa ko ya kawo hadisi. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe shi ya ɗauke hular nan," in ji shi.

Na leƙa. Hular Baba ce ta zuwa Juma'a, wadda aka birkice gida ana nema, har aka zargi wanki da iska. Baba ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba, ya ce ɗan nema, ko tambaya babu. Ya share fuska da bakin rawani. Ya ce hoton ba zai shiga gidansa ba, wannan magana ba ta canja ba. Amma kuma, in ji shi, bai san littafin da ya hana mace zuwa duba albasar mijinta ba.

Da gari ya waye, rana ba ta gama fitowa ba, ya fito da Inna. Rabonta da wajen gonaki tun kafin a haƙa kanal a sake raba filaye, sai ta riƙa tsayawa tana kallon ruwan da ke tafiya a miƙe kamar an ja zare. Ta tambaya ina tsamiyar da ke nan a da. Baba ya ce injin masu haƙa kanal ya tuge ta tuntuni. Na shimfiɗa mata buhu a bakin rumfa. Baba ne ya miƙa mata hoton, sannan ya ce mini mu je mu duba fangalin ƙarshe, wai kamar ruwa bai kai can ba. Ruwa ya kai. Muka tsaya can muna kallon albasa, muka ba ta baya.

Da muka dawo tana nan yadda muka bar ta, hoton a cinyarta, mayafinta ya jiƙe ta gaba. Ta ce hular ta rufe goshin, tabon bai fito ba. Ta ce amma hancin mahaifinta ne, ba ta taɓa lura ba. Ta ce ya rame, ba a ba shi abinci ne a gidan nan? Baba ya ce ta tambayi mai tuƙa tuwon. Ta kai yatsa ta shafa gefen da rana ta ci.

Baba ya zo da wani farin ƙyalle a aljihu, ragowar alawayyo. Ya karɓi hoton ya naɗe shi a ciki da kyau. Ya ce tun da Allah bai nufe mu da sa shi a ƙasa da hannunmu ba, sai mu binne wannan a gefen gonar da ya yi wa wahala, mu yi masa addu'a, magana ta ƙare. Ya ce in ɗauko fartanya. Na ɗauko, na fara sara.

Inna ta ce, "Malam, yarinyar fa? Ba ta san fuskarsa ba."

Baba ya dubi ramin, ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Ya ce to, a bari sai ta yi wayo ta gani, sannan a binne. Muka ɗaga hannu muka yi addu'ar duk da haka, a kan ramin da babu komai ciki, na mayar da ƙasa.

Na samo gwangwanin biskit na sa shi. Da damina ta matso na mayar da shi ɗakin taki da ke bayan katangarmu, ta waje. Duk sallah ƙarama da babba, bayan an sauko, Inna takan ce za ta je duba taki. Baba yakan ce ta duba da kyau, kada ɓera ya shiga.

Yarinyar ba ta kai ga yin wayo ba Baba ya rasu, kafin shekarun tamanin su ƙare. Bai bar wasiyya a kan hoton ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Ta girma, na nuna mata, ta ce agogon ya yi masa kyau, ban gaya mata na aro ba ne. Inna ma ta bi su daga baya.

Gwangwanin yana nan a ɗakin takin, ƙyallen ya yi ja. Har yau ban binne hoton ba, ban kuma shigar da shi gida ba.