Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran mahaifiyarmu, Inna Uwani, a gidanmu na Lambara. Ni, Nusaiba, autarki, nake rubuta wannan.

Inna, kowa ya san ki da kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin kin kira sunan ɗan farinki ba. "Yayanku" kike cewa, ko "wancan mai taurin kan." Ko tuwo za ki ba shi, sai ki turo ni. Muna tsokanarki, ki kore mu da muciya kina dariya.

Sai shekarar da aka sari wani ɗan kabu-kabu a hanyar Kajiji, aka ƙwace masa babur. Kin shiga rumbun albasa ɗibar ta miya, kika tarar da babur ɗin a lulluɓe da buhuna, kika gane aikin yaya ne. Kawu Sodangi ya ba da shawarar a tura yaya ci-rani kudu har maganar ta lafa. Kika tambaye shi ko wanda aka sara ba uwa ce ta haife shi ba. Kika yafa mayafi, kika nufi gidan hakimi, ina biye da ke.

Da kika faɗa masa ɗanki ne ya aikata, hakimi ya tambaya wane ne cikin 'ya'yanki. 

"Maniru na, ranka shi daɗe," kika ce. "Ni na haihe shi."

Wasu sun ce kin ci amanar ɗanki, wasu dangi suka daina gaishe mu. Amma duk ranar ziyara sai kin hau mota zuwa gidan yari a Sakkwato da ƙuli-ƙuli da fura, ko da yake bai taɓa yarda ya fito ya gan ki ba. Wanda aka sara kuma kika riƙa kai masa kunu har ya miƙe.

Inna, tsoro nake ji. Bayan Sallah za a sako yaya, kuma an faɗa mana ya rantse ba zai yafe wa gidan nan ba. Abokansa da ba a kama ba suna nan. Da na ji babur ya rage gudu a ƙofar gida sai in tashi in duba sakata. Ke kaɗai ce ba kya tsoronsa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa Kawu Sodangi da dukkan dangi ta'aziyya, har da yaya, wanda har yanzu ba wanda ya iya zuwa ya faɗa masa.

Ana gobe za ki rasu kika riƙe hannuna, kika kira sunan karo na biyu: "In Maniru ya zo, ku buɗe mishi ƙohwa."

Zan buɗe, Inna. Allah ya ba ni rabin zuciyarki.