Sifok Ashirin da Huɗu

Ni mutum ne mai jiki, tun ina saurayi. In na hau sikelin 'yan hatsi a kasuwa nakan wuce buhun masara har da ɗori, masu awo su yi ta dariya. Babur ne ya rufa mini asiri shekara da shekaru, daga makarantar firamaren da nake koyarwa zuwa gonata ta hanyar Gayam. Sai lokaci ya zo da hawa babur zuwa gona ya zama jawo wa kai masifa a Birnin Gwari. Mutanen daji suna son babur, ƙararsa kuma tana gaya musu inda kake. Dole muka koma keke, mu da muka ɗauka mun bar wa iyayenmu shi.

Keken da ya dace da ni shi ne baƙin nan mai sanda biyu, na masu ɗauko itace. Girman kai ya hana ni sayensa. Malamin makaranta guda a kan keken itace? Na sa aka sayo mini na gwanjo daga Kaduna, irin na tsere, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Na sa aka ɗaura masa kariya a baya saboda fartanya da gorar ruwa, ina jin kaina kamar na fi kowa wayo a unguwa.

A kan kwalta ba shi da laifi, gudu yake ba ƙara. Amma ranar da na fara miƙewa tsaye a kan feda zan hau tudu, sai na ji ƙafar baya tana ba da kai, dama, hagu, rim yana gogar robar birki duk taku ɗaya. Ban taɓa birki ba, keken ne yake kama wa kansa. A kwana kuma bayan yakan yi mini laushi, in sauka in matsa taya ina zaton ta sace, in same ta tam. A mako na biyu na ji wani ƙas a ƙarƙashina. Sifok ɗaya ne ya tsinke, cikin siraran wayoyin nan da ke riƙe da rim, nan take ƙafar ta karkace ta kama layi.

Na tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ya kifa keken, ya bi wayoyin da yatsa yana ƙirgawa, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ashirin da huɗu ne. Na 'yan itace talatin da shida, kuma kowanne ya fi waɗannan kauri."

"To, Baba, ka ɗaure su tamau mana, ta daina rawa."

"Ɗauri ba ya ƙara mata tauri. In na matse fiye da haka, ramukan rim ɗin ne za su tsage. Wanda aka yi wa keken nan bai fi rabinka ba." Ya sa sabon sifok, ya saita ƙafar, ya ɗan buɗa birkin don ya rage guga. "Ka hau tudu a zaune. Ka kauce wa rami. Kuma kada ka goya kowa, ko jariri ne. Kai kaɗai ma alfarma take yi maka."

Ya ce ana samun ƙafa mai wayoyi da yawa da za ta shiga keken, amma sai a Kaduna. Na ce sai wata mai zuwa, na kuma yi ta cewa haka har damina ta yi nisa. Na koyi tuƙi da kunne: ina tafe ina sauraron ƙafar baya, kowane ƙis sai gabana ya faɗi. Na tsani keken, na kuma tsani jikina da ya fi ƙarfinsa.

Gonar da ke jikin tawa ta ɗan kawuna ce, taubashina. Ya girme ni da shekara biyar, siriri ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu tun wata karaya da bai samu ɗori mai kyau ba. An ƙwace masa babur a bara, don haka da ƙafa yake zuwa gona. Rumbu yake kirana, keken kuma tsintsiya. Ni na ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa, shekara arba'in ba mu gama wannan shari'a ba. Tsakanin taubasai duk abin da ka faɗa wasa ne, ba a fushi, ba a kuma neman bayani. Hanya ba ta cika haɗa mu ba, domin shi da asuba yake fita, ni sai an tashi daga makaranta.

Ran nan Asabar ce, muna karyar masara. Da safe a hanyar zuwa wani sifok ya sake tsinkewa, na nannaɗe shi a jikin na kusa da shi, na ƙarasa ƙafar tana layi. Bayan azahar wani manomi ya ratso gonaki da sauri yana cewa an ji ƙarar babura da yawa daga cikin daji. Ba wanda ya tsaya tambaya. Na bar masarar a zube na hau keke.

A gindin tudun da ke bayan rafi na cim ma taubashina, yana jan ƙafa, ya rataya fartanya. A wurinmu ba a wuce wanda aka sani yana tafiya a ƙasa ba a ce masa ya hau ba, balle ɗan'uwa, balle a rana irin wannan. Na tsaya, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya ɗora hannu a kan kariya.

"Rumbu, Allah ne Ya kawo ka."

A ɗan lokacin nan na lissafa komai. Hanyar burji ce, ga tudu, ga ƙafa mai sifok ashirin da uku. In ta naɗe, mu biyu muna ƙasa, ni kuwa ko taku ashirin ba na iya gudu. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, ga kunyar in faɗa. Sai na nemi mafaka a wasan da muka saba.

"Yaushe bawa ya fara hawa abin hawan ubangidansa? Biyo ni a ƙasa, in ka iso ka wanke mini keke."

Ya yi dariya, ya janye hannunsa. "Tafi, Rumbu. Dama tsintsiyar nan kai ma da ƙyar. Ka ce wa uwar yara ta ɗora mini ruwan wanka."

Na hau tudun a zaune, yadda aka koya mini, ban waiwaya ba. Da na gaya masa gaskiya, da mun yi shawara. Da ya hau keken, ni na tura, ko mu ɓoye keken mu shige cikin dawa tare. Amma wasan taubashi ba a yi masa gardama, kuma na san haka sarai lokacin da na buɗe baki.

Na shiga gari kafin la'asar. Na tsaya a ƙofar gidansa na yi sallama, na isar da saƙon ruwan wanka. Matarsa ta ce daga bayan ƙyaure, "Sannu da hanya, Malam, Allah Ya saka." Har aka yi magariba bai shigo ba. Washegari waɗanda suka ɓuya cikin dawa suka ce a kan tudun nan aka tattara mutane aka kora su daji, har da shi. Bayan wata uku sauran suka dawo, sun rame, ba sa son magana. Ɗayansu ne ya gaya wa kawuna cewa tun kwana na biyu ƙafar ta hana shi bin tafiya, kuma mutanen daji ba sa jiran kowa.

Ba wanda ya zarge ni. Na gaya wa dangi mun haɗu a hanya, ban gaya musu ya ɗora hannu a kan kariya ba. A wurin zaman makoki ni ne mai karɓar gaisuwa, mutane suna cewa in yi haƙuri, na rasa abokin wasa. Duk wannan lokaci keken yana jingine a zaure yadda na dawo da shi, ban kai shi gyara ba. Abin da nake gaya wa kaina kullum shi ne, ai da ƙafar ba ta ɗauke mu ba. Mai gyara ma ya faɗa.

Kwana uku bayan sadakar bakwai na auni rabin buhun masara, na ƙara kwano biyar don kada in cuci lissafi, domin nauyin taubashina bai wuce haka ba. Na ɗaure a kan kariya, na tura keken zuwa wani tudun burji a bayan makarantarmu, wanda ya fi na rafi tsayi. Na hau ina taka feda da mugunta. Na miƙe tsaye, na bi ta kan duwatsu, na faɗa kowane rami da gangan. Rim yana gogar birki, wayoyi suna kuka, ƙafar tana ba da kai dama da hagu, ni kuma ina roƙon Allah a fili Ya sa ta naɗe.

Sau bakwai na hau na sauko, har numfashi ya gagare ni, na zube a bakin hanya. Da na samu kaina na jawo keken na bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, na sake bi. Ashirin da uku, ko ɗaya bai tsinke ba.