Kwabban Sha-Yawo

Mijin yayata bai taɓa hawa jirgi ba, amma duk layinmu Sha-Yawo ake ce masa, shi kuwa yana amsawa yana buɗa kafaɗa kamar muƙami aka ba shi. Direban wani otal ne. Aikinsa ya ɗauko baƙi daga filin jirgi, in sun gama abin da ya kawo su ya mayar da su. Iyakar yawon da ya sha ke nan, daga ƙofar otal zuwa wurin ajiye motoci. Amma in ya zauna yana ba ka labarin sanyin wata ƙasa, sai ka rantse da dusar ƙanƙara a takalminsa ya dawo.

Baƙin nan in za su tafi sukan laluba aljihu, su juye masa ragowar kwabban da suka yi musu nauyi. Wani direban zai karɓa ya ba yara su yi wasa. Shi tarawa ya yi, tun yana saurayi har furfura ta fito masa, sai da ya cika wani bokitin fenti. Akwai masu huji a tsakiya, akwai masu kan wata tsohuwa da rawanin zinariya, akwai masu tsuntsu, masu jirgin ruwa, da wasu marasa nauyi kamar murfin kwalba. Duk ranar hutunsa zai baje su a teburin falo, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori da man goge baki, ya dirje su ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙyalli. Yaron da ya kuskura ya taɓa, ranar sai maƙwabta sun ji kukansa.

Yayata ta sha wuya a hannun mutumin nan. In ta ce takalman yara sun mutu, sai ya nuna mata ƙarƙashin gado da leɓe.

"Ke dai ki yi haƙuri. Abin da ke cikin bokitin nan, ranar da na fasa shi sai kin rasa inda za ki zauna don daɗi."

Ta yi ta haƙuri, tana ɗinkin huluna da zannuwan gado tana rufa musu asiri, bokiti na nan bai fasu ba.

Ni a gidan marayun unguwarmu nake aiki, ni ce mai dafa abinci. Wata damina rufin ɗakin kwanan yara ya soma yoyo, har sai mun jera robobi tsakanin gadaje. Shugabar gidan, wata dattijuwa da ba ta iya roƙo ba, ta daure ta kira taron mutanen unguwa. Mai kantin magani ya tashi ya ce ya ba da kwanon rufi na rabin ɗakin, ya zauna abinsa. Aka tafa masa. Tafin nan ne ya shiga kan Sha-Yawo. Ina kallonsa yana mutsu-mutsu a kujera, can sai ya miƙe, ya gyara murya.

"Jama'a, ni ba kwano zan bayar ba. Dukiyar da na tara daga ƙasashen duniya, kaf ɗinta, na sadaukar wa marayun nan. A rufe ɗaki, a sake gadaje, in ya yi saura a sayi mota."

Tafin da aka yi masa ya fi na mai magani. Yayata ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

Shugaba ta yi godiya, ta ce to a kai a ƙiyasta a san abin da ake magana a kai, don kafinta ba ya karɓar alkawari. Sha-Yawo ya ce ni zan raka shi in zama shaida, tunda ni ta gida ce ta kowane ɓangare.

Banki muka fara zuwa. Ya dire bokiti a kan kanta, ya buɗe murfin a hankali yana duban mutanen da ke layi ko sun gani. Yarinyar da ke bayan gilashi ta leƙa, ta ce, "Baba, ba ma karɓar kuɗin ƙarfe na waje." Ya ce a kira masa manaja. Manaja ya fito ya maimaita maganar, ya ƙara da cewa a sauke bokitin kada ya kankare musu kanta.

"Ba su san darajar abu ba," in ji Sha-Yawo da muka fito. "Mutanen da ba su taɓa fita ko'ina ba."

Muka nufi kasuwa.

Mai canji a bakin kasuwa ya fi su sakin fuska. Ya cusa hannu ya ɗebo, ya watsa a tafinsa, ya yi dariya. "Maigida, mu takarda muke canzawa. Waɗannan ma rabinsu ko a ƙasashen da suka buga su an daina karɓa. Ka gwada shagon tsofaffin kaya a bayan masu gyaran agogo."

Shagon ɗan ƙarami ne, cike da matattun agogunan bango da rediyoyi da lambobin soja, ga warin ƙura. Mai shagon ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya sa muka juye bokitin, ya maƙala gilashi a ido ɗaya ya shiga tsinta. Ya daɗe yana yi, Sha-Yawo na tsaye a kansa yana ba shi tarihin kowane kwabo, wai wannan wani babban jami'i ne ya ba shi hannu da hannu. Mutumin bai ko ɗago ba. Can ya tambaya, "Wa yake goge su?"

"Ni da kaina," in ji Sha-Yawo, yana murmushi. "Duk mako."

"Ai kuwa ka cuce su. Da akwai waɗanda masu tarawa za su so, amma ka kankare musu fuska."

Murmushin ya tafi. Mai shago ya ture babban tarin gefe guda, ya ce wannan sai dai a auna a kilo a sayar wa masu narka ƙarfe. Sannan ya nuna wasu 'yan ƙalilan da ya ware, manya, masu duhu-duhu a gefe. "Waɗannan azurfa ce. Gugarka ba ta rage musu komai ba. Su zan saya." Ya faɗi kuɗin. Ba kuɗin mota ba ne, amma na yi lissafi a zuciyata, zai rufe sauran rabin ɗakin har a biya kafinta. Wallahi har na ji sanyi a raina, na ce ashe dai za a yi abin kirki da bokitin nan.

Kafin in rufe baki, Sha-Yawo ya kwashe azurfar ya zuba a aljihun gaban rigarsa, ya danne da hannu.

"Yaya, me ke nan?" na ce.

"Waɗannan ba sa cikin alkawari. Kuskure ne suka faɗa ciki."

"Kaf ka ce, a gaban jama'a."

"Kaf ɗin abin da na yi niyya. Ke kin shiga zuciyata ne?" Ya rage murya. "Ƙanwata, in Shugaba ta tambaye ki, ki ce mai shago ya ce abin ya fi ƙarfin ƙiyasi."

Mai shago ya cire gilashin idonsa, ya dube shi, ya dube ni, ya shiga naɗe ƙyallensa. Kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Ranar miƙa kyauta Sha-Yawo ya zo da sabuwar kwat da sabuwar waya, ga mai hoto a bayansa. Ban tambayi inda kuɗinsu ya fito ba. Ya sa aka jera yara a rana, ƙanana a gaba, ya yi jawabi a kan ƙasashen da ya ce ya sani, har wata yarinya ta fara kuka don ƙishirwa. Aka ɗauke shi hoto yana miƙa bokiti, ya ce a sake, hasken bai kama fuskarsa ba. Shugaba ta riƙe bokitin nan mai nauyi har sau uku. Na riga na gaya mata komai tun daren da ya gabata a kicin, amma ta yi masa godiya yadda ake yi wa kowa.

Ta ce a bar wa manyan yara kwabban su riƙa kallon hotunan da ke jiki, ko sa koyi wani abu. Ba a yi mako ba wani ɗan rarrafe ya tsinci ɗaya a ƙasa ya haɗiye. Muka kwashe shi sai asibiti, aka yi hoton ciki, aka ce mu jira kwabon ya fito da kansa. Ya fito, yaron ya warke, amma kuɗin asibitin daga na cefanen yara aka cire. Washegari Shugaba ta sa aka tsince kwabban tas, har ƙarƙashin katifu, aka kai wa mai sayen ƙarfe. Abin da ya bayar ƙusoshi ya saya, su ma ba duka ba. Sauran rabin rufin, matan unguwa ne suka yi karo-karo, ciki har da yayata, da kuɗin ɗinkinta, ba tare da mijinta ya sani ba.

Da na ba ta labarin azurfar, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ci gaba da taka kekenta, ta ce, "Ni da na wanke rigar, ai na ga yadda aljihun ya zazzago."

Yanzu ya bar aikin otal, ƙafa ta hana shi tuƙi. Yana zama a ƙofar gida a kujerar roba, hoton nan na rataye a falo inda duk mai shigowa zai yi karo da shi. Kwanakin baya ya kawo wani tsohon abokin aikinsa gidan marayu, ya tsaya a tsakar gida yana nuna masa rufi da sanda.

"Ka ga wannan? Da hannuna a ciki."

Shugaba tana shanya kayan yara a igiya. Ba ta juyo ba ta ce, "Akwai. Ƙusoshin gefen can naka ne."

Abokin ya ɗaga kai yana neman ƙusoshi. Sha-Yawo ya yi dariya da ƙarfi, wai Shugaba akwai barkwanci, sannan ya leƙo kicin ya tambaye ni ko abincin ya nuna, don su biyu ne. Na ce na yara ne, a ƙirge yake. Na ba su ruwa, na koma kan tukunyata.